Kantin gyaɗa da ya koma shaguna biyar: abin da sauyin sana'a ke yi wa tsohon gini a Katsina

A tsofaffin layukan kasuwanci na birnin Katsina akwai wani irin gini da ido ya saba da shi har ya daina lura. Dogo ne, ba bene, da rufin kwano mai tudu, gabansa ƙofofin ƙarfe huɗu ko biyar, kowace da launin fentinta. Wannan mai POS ne, na kusa da shi kemis, sai tela, sai mai cajin waya, ta baya kuma wani ya jibge buhunan taki. In ka tsallaka titi ka ɗaga kai za ka ga abin da ke tona asirinsa. Doron rufin layi ɗaya ne daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma a tsakiyar bangon gaba akwai shatin wata ƙatuwar ƙofa da aka toshe, wadda filasta ta kasa ɓoyewa. Gini ɗaya ne, a da ma ɗaki ɗaya ne: kanti ko sito na zamanin da gyaɗa da auduga da fata ke riƙe da arzikin ƙasar Katsina.

In irin wannan gini ya fara tsagewa, sai ka ji an ce ai ya tsufa. Ba kasafai tsufa ke kashe shi ba. Bangon ƙasa da ke da rufi mai kyau a kansa da busasshen gindi yana iya wuce shekara ɗari, ga hasumiyar Gobarau nan da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 shaida, duk da su ma kulawa ce ta kai su yau. Abin da ke cin tsohon kanti shi ne kowace sabuwar sana'a da ta shigo tana zuwa da nauyinta da ruwanta da zafinta da wutarta, kuma ba wanda ke tsayawa ya tambayi abin da bangon da zai fasa yake ɗauke da shi.

Wanda ya gina shi ya san abin da yake nema. Bango mai kaurin ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, na tubali ko bulon ƙasa, wasu na jan bulo, don ciki ya yi sanyi kuma ɓarawo ya sha wuya. Tsayi ƙafa 14 ko fiye, don a jera buhu sama kuma zafin kwano ya tsaya nesa da kaya. Ƙofa ɗaya mai faɗi da ɗan dako zai wuce da buhu a ka, sai ƙananan tagogi can kusa da rufi masu sandunan ƙarfe, waɗanda aikinsu fitar da iska mai zafi ne, ba leƙe ba. Daɓen a ɗage yake, sai an taka matakala biyu ko uku daga ƙasa. Baranda a gaba, nan ake rataye sikeli, nan manoma da 'yan baranda ke jiran awo. Katakon rufin kuma yana zaune ne kan dogayen bangaye biyu, na gaba da na baya, wani lokacin da jerin ginshiƙai a tsakiya. A riƙe wannan na ƙarshe, domin kusan duk ɓarnar da za a yi daga baya a nan take farawa.

Dalilin buƙatar sito a Katsina a sarari yake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Layin da aka ja daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920 ta Funtuwa ya bi, bai taɓa birnin Katsina ba. Don haka amfanin gonar arewacin lardin sai an tara shi, a jira jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, su kai Kano. Kamfanoni irin su UAC da John Holt da GBO da suka bazu a garuruwan Arewa suna sayen amfanin gona ta ƙofa ɗaya, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir ta wata, attajiran gida kuma suka gina nasu a kan wannan fasali. Da hukumomin sayen amfanin gona suka karɓe cinikin daga ƙarshen shekarun 1940, sito ya zama jarin wakilin da ke da lasisin saye.

Sai abubuwa suka zo a jere. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, suka karya noman da ya haifi ginin. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka sa kadarori da dama suka sauya hannu. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona baki ɗaya. Sito ya koma ajiyar hatsi da taki da siminti. A watan Satumba na 1987 Katsina ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka kwararo daga Kaduna, aka shiga neman ofis da shago ko'ina: wurin buga takardu, wurin fotokofi, ofishin ɗan kwangila. Wayar salula ta zo a 2001 da masu sayar da kati da masu gyara. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya rage kayan da ke shigowa ta Jibiya, masu manyan sito suka ji a jikinsu. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuma ya sa duk wani lungu da zai ɗauki tebur ɗaya ya zama shagon POS. Kowane zango ɗan hayan da ke zuwa ya fi na baya ƙanƙanta, kuma ya fi shi son ƙofa a bakin titi. Lissafin mai gini ba wuya: ƙananan shaguna biyar sun fi ɗan haya ɗaya kawo kuɗi, kuma in ɗaya ya tashi huɗu na biya.

To a nan guduma ke shigowa. A ɗauki misalin gini mai tsawon ƙafa 60 da faɗin ƙafa 30. Da ƙofa ɗaya mai ƙafa 8, bangon gaba yana da ƙafa 52 da ke ɗauke da rabonsa na rufi. A fasa ƙofofi biyar masu ƙafa takwas-takwas, an cire ƙafa 40, saura 20, a rarrabe gida shida, kowane guntu ƙafa uku da 'yan kai. Nauyin rufin bai ragu ba, amma abin da ke ɗaukarsa bai kai kashi biyu cikin biyar na da ba. Guntun bangon ƙasa mai ƙafa uku kuma ba ginshiƙi ba ne. Ƙasa tana da ƙarfi in tana da tsawo tana riƙe juna, in aka mayar da ita siririya ga walda da bugun ƙofar ƙarfe safe da yamma, sai ta fara marmashewa daga gefe.

Yadda ya kamata a yi shi ne daga sama zuwa ƙasa, ba daga ƙasa zuwa sama ba. Da farko a tokare duk katakon rufin da ke zaune a kan wurin da za a fasa, da gungume ko ƙarfen tokara, a ɗora ƙafarsa kan faffaɗan katako don kada ta nutse cikin daɓe. Sai a tsaga bangon a tsaye a gefe biyu na inda ƙofa za ta kasance, a haƙa har ƙasa mai tauri, a zuba gindi, a tayar da fila ta kankare ko ta bulo inci 9 da aka cika raminsa. A kan waɗannan filoli linta za ta zauna, wato gicciyayyen kankaren da ke ɗaukar nauyin saman ƙofa, ba a kan tubali ba. Ga buɗi mai ƙafa 8 da rufin kwano kaɗai a sama, abin da aka saba shi ne linta mai zurfin inci 9 zuwa 12, da rodi mai kaurin milimita 12 guda huɗu, da zobba duk bayan inci 8, haɗin kankare kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kuma ta hau kowace fila da aƙalla inci 9. In bangon mai kauri ne, rabi-rabi ake yi: a feƙe rabin kauri ta waje a zuba, ya kama, sannan a koma ta ciki. A yi ta ba ta ruwa kwana bakwai, musamman da hunturu ko bazara da iska ke shanye ruwan kankare kafin ya yi ƙarfi, kuma kada a fasa bangon da ke ƙarƙashinta ko a zare tokara kafin mako biyu. Ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Ba a buɗe biyu maƙwabta a lokaci guda.

Abin da aka fi yi kuwa, a kira leburori biyu da safe su huda bangon daga ƙasa, kafin la'asar mai walda ya kafa firam ɗin ƙofa, a ɗora guntun ƙarfe ko katako tu-bai-sikis a kai, a shafe da siminti. In mai gini ya nuna shakka, amsar a shirye take: "Ranka ya daɗe, ai ginin da ne, ya fi na yanzu ƙarfi." Gaskiya ne ya fi, amma lokacin da yake cikakke. Alamar farko takan bayyana bayan damina ɗaya ko biyu: tsaga a karkace daga kusurwar ƙofa ta sama tana hawa wajen rufi, sannan ƙofar ta fara cijewa, sai an ɗaga ta ake sa kwaɗo. Ɗan haya zai kira mai walda ya rage bakin ƙofar, ba tare da ya san firam ɗin ne ke ɗauke da bango ba. Hanyar gane ko tsaga tana tafiya mai sauƙi ce. A liƙa ɗan siririn siminti ko guntun gilashi a gicciye kanta, a rubuta kwanan wata a gefe. In ya dare cikin 'yan makonni, ginin na motsi, kuma toshe tsagar ba magani ba ne.

Bangayen raba shaguna su ma da tasu illar. Bulo inci 6 ake jerawa kan tsohon daɓe, ba gindi, ba a sarƙe shi da bangon ƙasa ba, don haka inda suka haɗu kullum a tsage yake. Wannan da sauƙi. Babbar matsalar ita ce a tsayin silin suke tsayawa, ƙafa 9 ko 10, daga nan zuwa kwano fili ne ɗaya da ya ratsa shagunan biyar. Ɓarawon da ya ɓalle kwano ɗaya ya shiga duka. Wutar da ta tashi a shagon tela ta bi busasshen katako mai shekara saba'in, kafin a buɗe ƙofar farko ta kai ta biyar. Ƙarin layukan bulo, a kai kowane bango har ya taɓa kwano, shi ne aikin da ya fi kowane arha da amfani a ginin, shi ne kuma wanda ba a yi, don ba a ganinsa daga titi. In tsohon silin na asbestos ne, kada a farfasa shi a bushe, ƙurarsa na lalata huhu. A jiƙa, a cire fale-falen ɗaya-ɗaya.

Ruwa shi ne maƙiyi na biyu, kuma ta hanyar gyara yake shiga. Maginan zamanin da suna shafe bangon ƙasa da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, ko da wani haɗi da ke tare ruwan sama amma ya bar danshin ciki ya fita. Siminti ba ya haka. In aka yi wa bangon ƙasa filasta mai ƙarfi, su biyun ba sa miƙewa da tsukewa tare, sai ƙananan tsagu su buɗe, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Ƙasar da ke baya ta jiƙe ta saki filastar. Ka ƙwanƙwasa da bayan makulli, inda ya yi ƙara kamar ganga to ya rabu. Cikin Agusta, watan da ruwa ya fi nauyi a Katsina, sai ka ga ɓangare guda ya sulluɓo, ya tafi da inci biyu ko uku na bangon. Bangon gabas ya fi shan wannan wahala, don daga can hadari ke tasowa da iska. In dole sai an yi siminti, a kafa ragar waya da dogayen ƙusoshi, haɗin ya zama mai laushi, siminti ɗaya da yashi shida ko sama, kuma a ƙara bakin kwano ya fito aƙalla ƙafa biyu. Manna tayil a ƙasan bango don ɓoye farin gishirin da danshi ke fitarwa kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago: danshin ya hau sama da tayil ɗin ya fito, ya fi da tsayi.

Akwai kuma abin da ba laifin mai gini ba ne. Duk lokacin da aka sake titi sai an zuba marmara an ɗora kwalta, a gina lambatu da bakinsa ya ɗara na baya. Ginin da ake hawa matakala uku a shiga, yau sai an sauka. Ruwan titi ya samu gangara zuwa gindin bango. Ɗan haya ya ga ruwa na shigo masa, sai ya sayi ƙasa tifa ɗaya ya cike shagonsa, ya zuba sabon daɓe ba leda a ƙasa. Yanzu jiƙaƙƙiyar ƙasa na jingine da tubali ta ciki, a tsayin da ba a taɓa nufin ya ga ruwa ba, maƙwabcin da bai cike nasa ba kuma shi ke karɓar danshin. Gara ma ta samu hanya a ɓoye zuwa katakon rufi. In za a ɗaga daɓe, a ɗaga na ginin duka lokaci ɗaya, da leda mai kauri a ƙarƙashi wadda aka naɗo gefenta jikin bango, a waje kuma a yi dakali mai gangara da ƙaramar kwata da ke kai ruwa lambatu. Sai an auna an tabbata lambatun ya fi kwatar zurfi, in ba haka ba ruwan titi ne zai biyo ta ya dawo.

Kayan da ake ajiyewa su ma suna barin tabo. Takin zamani, musamman yuriya, yana jan danshi daga iska. Buhun da ya kwana a kan daɓe ko ya jingina da bango sai ya yi gumi, ruwan gishirin ya shiga bulo da siminti, ya ci rodi, tururinsa kuma ya ci kwano da kan ƙusa ta ciki. Shekaru bayan an kwashe takin fenti ba zai zauna a wurin ba. Ƙa'idar ita ce katakon shimfiɗa mai tsayin inci 4 zuwa 6 a ƙasa, da ratar ƙafa ɗaya da rabi tsakanin buhu da bango. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ƙwayar maganin ƙwari da masu hatsi ke sakawa cikin buhuna, mai fitar da iskar fosfin. Lokacin da ginin sito ne kaɗai, a saka a kulle a tafi. Yanzu da bangon rabo bai kai sama ba, iskar na bin saman silin ta sauka shagon da yaron tela ke kwana. Tana kisa. Ginin da mutum ke kwana a ko'ina cikinsa ba a saka wannan magani, komai rufin da aka yi wa buhunan.

Kemis kuma zafi ne matsalarsa. Yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu a ajiye ƙasa da digiri 30, ga Katsina a watan Afrilu tana haura 40. Tsohon kantin yana iya riƙe sanyi saboda tsayinsa da tagogin sama. Da aka toshe tagogin, aka sauko da silin, aka sa ƙofar ƙarfe mai kallon yamma, an kashe duk dabarar. A buɗe tagogin nan a sa musu raga, iskar da ta taru tsakanin silin da kwano ta samu mafita, sai a ga bambanci tun kafin a yi maganar na'urar sanyaya ɗaki.

Wayarin ginin an yi shi ne don ƙwan fitila huɗu da fanka. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitila ce, soket yana son 2.5, na'urar sanyaya ɗaki tana son layinta daban mai 4. Waya 2.5 mai kyau tana ɗaukar wajen amfiya 20, kusan wat 4,500 ke nan, kuma wayar kasuwa da aka rage wa jan ƙarfe ba ta kai haka. Dutsen guga ɗaya na cin wat 1,000 zuwa 2,000. Haɗa guga biyu na tela da firiza da injin fotokofi a kan layin da aka jawo daga soket ɗin maƙwabci, aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif a cikin silin. Mahaɗin nan shi ke yin zafi, ba tsakiyar waya ba. In wuta ta zo da rauni, injin firiza ya ƙara jan amfiya, zafin ya ƙaru. Shi ya sa gobarar shaguna ta fi tashi da dare: an ɗauke wuta da yamma, kowa ya kulle bai kashe komai ba, aka dawo da ita ƙarfe biyu ba kowa. Kowane shago na buƙatar akwatin fis nasa da makashi a bakin ƙofa, da mitarsa daga KEDCO, kamfanin raba wutar lantarki, in da hali, don mita ɗaya ga mutum biyar rigima ce kowane wata. Janareta ko sola kuma sai ta na'urar sauya layi, ba a cusa waya cikin soket ba. Faifan sola babba yana kai kilo 25 zuwa 30, goma sun doshi kilo 300 a kan katakon da gara ta riga ta ɗanɗana, kuma iskar farkon damina in ta shiga ƙarƙashinsu da kwanon take tashi. Kafinta ya hau ya soki kowane katako da tsinin ƙusa kafin a ɗora komai.

Sai babban buri, wato dekin. Mai gini ya ga ana neman wurin makarantar kuɗi ko ofis, sai ya ce a cire kwano a zuba dekin a yi sama. Kankare mai kaurin inci 6 yana da nauyin kilo 360 a kowace murabba'in mita. A gininmu mai ƙafa 60 da 30, tan 60 ke nan, kwatankwacin tirela biyu ta siminti, tun ba a ɗora bulo ko ɗaya ba, ba yara, ba benci, ba tankin ruwa, wanda kowace lita 1,000 tan guda ce. Rufin kwanon da aka cire bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Babu bangon ƙasa ko tsohon gindin da aka yi don wannan nauyi. In za a yi, sabon gini ne ake tayarwa a cikin tsoho, da filoli da bim da gindinsu daban, tsohon bango ya zama labule kawai, kuma injiniya mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN ne zai fitar da girman rodi bayan an haƙa an ga ƙasar wurin. Sau da yawa in aka yi lissafin gaskiya, rushewa a sake ya fi arha. Makaranta kuma na zuwa da abin da kanti bai taɓa sani ba: banɗaki. Sokawe da aka haƙa a jikin bango don babu fili yana jiƙa gindin gini shekara zagaye. A nisanta shi da bango aƙalla ƙafa 10 zuwa 15, da rijiya kuma wajen ƙafa 100, in filin bai ba da haka ba to wurin bai dace da makaranta ba.

Me ya sa ake ganin duk wannan a ƙyale? Yawanci don ginin ba shi da mai shi guda ɗaya. Alhajin da ya saya ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya, aka raba gado, aka ga hanya mafi sauƙi ita ce a ba wannan ɗaki shago biyu, wancan ɗaki ɗaya da rabi. An raba ƙofofi, ba a raba rufi ba. Kowa na karɓar hayarsa, kwanon da ke yoyo a kan iyakar shago biyu ba na kowa ba ne. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa maganar ta tabbata ta fuska biyu. Mafita ita ce tun ranar rabo a rubuta cewa rufi da bangayen waje da magudanar ruwa na tarayya ne, a cire wani kaso daga hayar kowane shago duk shekara, a naɗa mutum ɗaya ya riƙe, kuma ba mai fasa bango sai da yardar sauran. In kadarar na nan a haɗe ba a raba ba, wani magaji ya sayar da kasonsa ga bare, fiƙihun Malikiyya ya ba abokan tarayya haƙƙin shuf'a, su biya kuɗin su karɓa. Da zarar an yanka iyakoki wannan haƙƙin ya faɗi, abin da iyalai da yawa ba sa sani sai sun je gaban alƙali.

Ta ɓangaren hukuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, kuma sayar da fili mai takardar mallaka na buƙatar amincewarsa. Takardar na faɗin abin da aka ba da filin dominsa, sauya fasalin gini ko ɗora bene kuma sai da izinin hukumar tsara birane ta jiha. Barandar da aka toshe aka mayar shago ita ce aka fi kamawa, don takan shiga hurumin titi, kuma ranar faɗaɗa hanya ita ake fara shafa wa jan fenti. Yarjejeniyar nan ta "gyara ka cire a haya" ma tana son takarda: wane aiki, nawa, shekara nawa za a cire, da cewa bangon gaba da na baya da katakon rufi ba sa cikin abin da ɗan haya zai taɓa. Ɗan hayan da zai tashi bayan shekara biyu ba ya sayen rodi don damina ta goma.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya, yana iya dawo da neman manyan wuraren ajiya, sai wasu su so rushe bangayen rabo su mayar da ginin ɗaki ɗaya kamar da. A nan ma akwai tarko. Inda bangon rabo ya kai kusa da katakon rufi, kuma aka cire ginshiƙan tsakiya shekarun baya ko gara ta ci kan katako, rufin ya riga ya sauko a hankali ya kwanta kan bulon inci 6 ɗin nan da ba a gina don ɗaukar komai ba. Kafin a taɓa shi a hau cikin silin da tocila a duba saman kowane bango. In takarda na iya wucewa tsakanin bulo da katako, bangon rabo ne, a rushe. In katakon ya danne bulon har ya yi masa gurbi, sai an tokare, an mayar da ginshiƙi ko an sauya katakon, sannan a cire layin bulo na sama a jira kwana biyu a ga ko rufin ya motsa.